Taku Goma Sha Tara

Talata, 4 ga Muharram 1375, bayan la'asar

Yau kwana tara. Kwana uku ta ce.

Ni Abdulgani maɗinki ban saba rubuta komai ba sai awon riga da zanen aska, amma takarda ta ragu a gafaka, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa. Hadijatu ta tafi Kalgo duba ƙaninta Hamidu, wai ƙafa ta kumbura masa. Na ce Allah ya sawwaƙe, na sa aka nemo mata jaki, ta bi wasu 'yan'uwanta masu komawa can. Ba mu yi faɗa ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa ɗaga mata murya ba, duk Gwandu a tambaya.

Gida lafiya lau. Rahmatu, matar ɗana Lukuman, tana kula da ni har abin ya yi yawa. Tuwo a kan kari, ruwan alwala a kan kari, kafin in yi tari ta durƙusa a bakin ƙofa. Yarinyar kirki ce, ba ni da abin cewa. Abin da ke ba ni haushi ke nan ma.

Alhamis, 6 ga wata, bayan azahar

Na ɗauki allura sau uku ina ajiyewa. Rigar mutane ce, ba zan ɓata masu wuya ba.

Ranar Alhamis ba karatun allo, don haka tun yaranmu suna ƙanana Hadijatu takan cika ƙwarya da fura ta tura su gidan gwaggonsu, ta ce kada su dawo sai an kira la'asar. Sai ta kwaɓa lalle. Hannu ɗaya ta zura a zunguru, ɗayan kuma ta miƙo min in ɗaure mata da ganye da tsumma. Wace mace mai hankali ce ke ƙunshe hannu biyu lokaci guda? Na sha faɗa mata haka. Sai ta ce, "To ga shi na yi, Malam. Ƙishirwa nika ji."

Dole in ɗauko ludayi in ba ta a baki. Dole in gyara mata kallabi. In sauro ya cije ta a gadon baya, wa zai sosa? Kullum kuwa sai sauron ya cije ta, ko da rani tsakiya.

Tsohuwata, Allah ya jiƙanta, tana raye a lokacin, tana ɗakin ƙurya. Da ta ji ƙamshin lalle sai ta ja ƙyaurenta ta ce barci take ji. Barcin rana bai taɓa kama ta ba sai ranar Alhamis.

Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba. Mutum da furfurarsa.

Juma'a, 7 ga wata, da hantsi

Ruwa tun asuba. Hanya ba za ta biyu ba, shi ya sa.

Litinin, 10 ga wata, kafin magariba

Cika-ciki. Rahmatu ta nemo wutsiyar ragon layya inda Hadijatu ta rataye ta, ta dafa, ta yi daɗi. Na ci na ƙoshi kamar yadda aka ce a yi. Ni kaɗai a turaka, da akushi da ni.

Da Hadijatu ce, da ta kawo da kanta ta zauna gefe tana sa min ido, tana cewa na faye zaɓen tsoka in bar mata ƙashi. Amma da na tsaya na yi tunani, ko tana nan ɗin ma ba ita za ta kawo ba. Tun da aka kawo Rahmatu, wata bakwai ke nan, Hadijatu ta ajiye muciya. Haka ake yi. Uwar miji ba ta tuƙa tuwo suruka na zaune, zagi ne ga yarinyar. Kowa ya zo ya yi mata barka, ta huta. Ni ma na yi mata barka.

Laraba, 12 ga wata, bayan azahar

Wani mai fataucin busasshen kifi ya zo daga Kalgo da saƙo. Na tambaye shi ƙafar Hamidu. Ya ce, "Wace ƙahwa? Shekaranjiya nig gane shi kasuwa shina rabon faɗan awaki."

Saƙon shi ne a aika mata da mazarinta da kwandon audugarta. Mai kwana uku ba ta aikowa a kai mata mazari.

Ta gaida Lukuman, ta gaida Rahmatu, ta gaida maƙwabta ɗaya bayan ɗaya har da matar mai unguwa da ba sa ga-maciji. A ƙarshe mutumin ya ce, "Ta ce kuma a gaishe da Baba."

Baba! Ni ne Baba. Na haife ta ne? Na kusa jifan bawan Allah da almakashi, shi kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba.

Da ya tafi na zauna na huce, sai na tuna. Tun bayan bikin Lukuman ni ma Inna nake ce mata, kamar yadda yaran ke faɗa. A gaban suruka me zan ce? Hadijatu? Ko ɗaya sunan, wanda ba zan sa a takarda ba? Farko a gaban mutane ne kawai. Daga baya ko mu biyu muka haɗu a bakin rijiya, Inna ce ke fitowa daga bakina.

Alhamis, 13 ga wata, bayan azahar

Ba mu yi faɗa ba.

Asabar, 15 ga wata, da la'asar

Lukuman yana gonarmu ta Masama, gero ya fara nuna. Rahmatu ta tafi barkar haihuwa. Gida ba kowa, sai na shiga ɗakin Hadijatu.

Bari in faɗi yadda aka yi da ɗakin, don kada wani ya ga laifina. Da can ɗakinta yana manne da turakata, zana ɗaya ce ta kewaye mu, ko atishawa ta yi ina ji. Da auren Lukuman ya zo, ana neman inda za a sa amarya. Ɗakin Hadijatu ya fi kowanne kyau da faɗi. Ɗakin tsohuwata kuma yana ƙurya ba kowa a ciki. Sai na ce Hadijatu ta koma can, aka matsar da zanar, amarya ta shiga nata. Girma na ba ta. Ɗakin uwata fa! Duk wanda ya ji sai ya ce Malam ya san darajar iyali. Ita kuma ta ce to. To kawai ta ce, ta kwashe kwanoninta.

Abin da ban lissafa ba, ko in ce na lissafa, shi ne daga turaka zuwa ƙurya sai an ratsa tsakar gida ta gaban ƙofar amarya. Ita kuwa amarya kullum tana nan a bakin murhu, ido biyu.

Yau ne karo na farko da na taka ɗakin tun da ta koma. Ta share shi tsaf, ta jera tasoshi. Zungurun yana rataye a bayan ƙyaure, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Na zauna a bakin gadon. Ƙamshin turarenta na nan a jikin tabarma. Kewarta ta kama ni yadda ban taɓa ji ba, har sai da na dafe ƙirji.

Ina fitowa sai ga Rahmatu ta dawo. Ta zube ƙasa ta sunkuyar da kai. Na ce ɓera nake nema, ya addabe ni. Ta ce, "Allah shi kyauta, Baba." Ɓera, a ɗakin da ko ƙwayar gero babu.

Lahadi, 16 ga wata, da hantsi

Ita ma ai tana da baki. Da ba ta son ɗakin sai ta ce ba ta so. Mace ta yi shekara ashirin da bakwai tana faɗa maka ra'ayinta a kan komai, har yadda za ka naɗa rawani, ranar da ya kamata ta yi magana sai ta ce to. Yanzu ta bar ni da mutane suna tambaya, ina ta ƙirƙiro wa Hamidu ciwo. Jiya a masallaci na ce ƙafar ta haura har gwiwa. In aka ƙara mako guda sai dai in kashe shi.

Ba zan je ba. Me zan ce na zo yi? Biko sai an yi yaji, yaji kuma sai an yi faɗa.

Talata, 18 ga wata, bayan la'asar

Lukuman ya same ni a zaure, ya zauna nesa yana wasa da bakin tabarma.

"Baba, ko in tahi Kalgo in ɗauko Inna?"

"Wa yac ce maka ta ɓace?"

"A'a, na ga dai ta daɗe."

"Gero na nan tsuntsu na ci, kai kana ƙidayar kwanan uwarka. Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi. Bai yi laifin komai ba. In ya je za ta biyo shi, na sani, ba ta iya ƙin ɗanta. Za ta dawo ta shiga ƙurya ta ɗauki tasbaha, a ci gaba da kai mata tuwo ana kai min, mu tsufa a gida ɗaya kamar baƙi biyu a masauki. Wannan ne nake tsoro, ba rashin dawowarta ba.

Laraba, 19 ga wata, bayan sallar asuba

Akwai abin da na tsallake.

Makonni kaɗan kafin bikin, wata Alhamis, an yi lallen kamar kullum. Ba zan rubuta ba. Allah ya sani, ita ta sani. Namiji dai ba kullum yake yadda ya san kansa ba. Ta jingina kanta a kafaɗata. Ni na janye, na juya wa bango fuska, daga baya na tashi na fita na bar ta da hannuwa a ɗaure. Ban san wa ya kwance mata ba.

Alhamis ta gaba na ce aiki ya yi min yawa. Ta gaba ma haka. Sai maganar ɗakin amarya ta taso, kuma ni na fara kawo shawarar.

Girma na ba ta. Haka na faɗa wa mutane.

Alhamis, 20 ga wata, da sassafe

Na gama rigar wani mutumin Birnin Kabi. Na ce wa Lukuman irin wannan aiki ba a aika shi, sai mai shi ya gwada a gabana.

Asabar, 22 ga wata, Kalgo, kafin magariba

Kwana biyu a kan jaki, taɓo har gwiwa, bayana kamar an daka. Na ba mai riga rigarsa a tsaye, ko zama ban yi ba.

Hamidu na gani a ƙofar gidansa yana gyaran taru, ƙafafu biyu garau. Tun yana yaro ba ya raga min, wasan ƙanin mata ne, ba yadda zan yi da shi. Ya dube ni sama da ƙasa ya kwashe da dariya.

"Lale da Malam! Da hurhurakka kaz zaka biko?"

"Duba ƙahwakka niz zaka yi."

"Wacce ciki? Zaɓi guda in ɗingisa maka."

Ya sauke ni a zaure. Da dariyar ta lafa sai ya ce shi bai san mene ne ba, ta ce masa ba a yi mata komai ba. Tana cin abinci, tana kaɗi, tana wasa da jikokinsa. "Amma ni na san yayata. Wagga ba ita ta ba."

An kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Loma ɗaya na san hannun da ya yi miyar. Wata bakwai rabona da ita. Na ci ina kallon bango don kada Hamidu ya ga idona.

Lahadi, 23 ga wata, bayan azahar

Zan rubuta yadda aka yi tun ban manta ba.

Da hantsi Hamidu ya kwashe iyalinsa kaf wai za su duba shinkafa a fadama, har da wata tsohuwa da ba ta iya tafiya sosai. Na shiga. Tana ƙarƙashin rumfa tana kaɗi. Ta rame kaɗan. Ta gaishe ni yadda ake gaida baƙo.

"Malam, ka zaka lahiya?"

"Ɗinki ya kawo ni Birnin Kabi."

"To Birnin Kabi tana can baya, ka wuce ta."

Na zauna a kan turmi. Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu. Na ce in ɗakin ne, zan gina wa yaran wani bayan kaka, ta koma nata.

"Ni ban yi hushi da ɗaki ba. Ɗaki ƙasa na da itace. Yarinya ta zauna abinta, ba ni tashe ta."

Sai na kawo dabarar da na kwana biyu ina ji da ita. Na ce girbi ya zo, akwai bukka a gonar Masama, mu ce za mu je tsaron tsuntsu, mu yi mako biyu mu kaɗai, ba mai gani.

Ta ajiye mazarin. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba.

"Ba mai gani? Da sadaki aka ɗaura muna aure, Malam, gaban mutane. Shekara ashirin da bakwai, ɗiya biyar, biyu na ƙasa. Yanzu sai ka kai ni daji kamar akuyar sata?"

Ba ta tsaya nan ba.

"Taki goma sha tara na daga ƙohwakka zuwa tawa. Na ƙidaya. Ni na taɓa takawa, ka tuna? Na dama hura da hannuna, na sa turare, na ɗauko. Ina tsakiyar gida yarinya tat taso da gudu, Inna kawo, ina raye ki ɗauki kaya? Kana zaune kana kallo. Mi kac ce?"

Na tuna. Na ce wa Rahmatu Allah ya yi mata albarka. Har da ajiyar zuciya na yi a ranar, don an cece ni.

Na ce, "Kunya ta, Hadijatu. Suruka na gida."

"Uwarka na gida munka yi shekara goma sha takwas, ba ta hana ka ba. Ba kunyar Rahmatu kaka ji ba."

Nan ta kama ni. Na ce mata, kaina a ƙasa, abin da ya faru ran nan yana iya sake faruwa. Yana iya zama haka ke nan har abada. Ban taɓa faɗar magana mai nauyin wannan ba, ko a gaban alƙali.

Ta daɗe tana kallona. Sai ta ce, "Kai dai wawa na, Allah shi gahwarta man." Shekara ashirin da bakwai ba ta taɓa zagina ba, kuma wallahi daɗi na ji.

"Ka ɗauka don wannan kaɗai nika ƙumshe hannuna? In ya zaka, muna murna. In bai zaka ba, ba ka da hannu? Ba ka da baki na hira? Ran nan ba abin da yab ba ni ciwo sai bayan da kaj juya man. Da haƙori nik kwance tsumman nan, ina kuka." Ta share ido da bakin zane. "Uwarka ta rasu, Allah shi jiƙanta. Ni ban gaje ta ba. Ni matakka ta, kuma jinina bai daskare ba."

Na kira ta da sunan nan. Muryata ta fito kamar ta wani. Ta kau da kai, amma na ga gefen bakinta.

Na ce ta shirya mu tafi gobe. Ta ce a'a, ba za ta bi ni a baya kamar wadda aka kamo ba, kuma tana da zaren da za ta gama. Za ta zo ranar da ta ga dama, ta shiga ƙurya ta zauna. Ba za ta sake ɗauko ƙwarya ba. Saura ya rage nawa.

Da zan tashi ta ce rawanina ya karkace. Ta miƙe ta gyara shi, ta daɗe tana gyarawa.

Laraba, 26 ga wata, Gwandu, da la'asar

Na dawo. Na ce wa mutane ƙafar ta yi sauƙi.

Juma'a, 28 ga wata, da hantsi

Ba ta zo ba. Da gida ya yi shiru na gwada takawa zuwa ƙurya. Goma sha tara ne a takunta, ni goma sha shida. Ba nisa, amma na iso da gumi.

Lahadi, 30 ga wata, bayan azahar

Ba ta zo ba. Na yi wa Rahmatu tsawa a kan gishiri, ta yi kuka. Na kira ta na ba ta haƙuri, ta ƙara rikicewa. Yarinyar kirki ce.

In ta zo na kasa fa?

Talata, 2 ga Safar, kafin magariba

Ta iso da la'asar. Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Daga zaure na ce mata barka da hanya, ta ce barka kadai. Ban ce Inna ba, ban kuma ce komai ba. Ta wuce ƙurya.

Laraba, 3 ga Safar, bayan la'asar

Bayan azahar, rana tsaka. Rahmatu na bakin murhu tana tankaɗe, Lukuman na gindin rumbu yana wasa lauje, ga wata maƙwabciya ta shigo aron turmi. Na ce in jira su watse. Sai na ce in na jira yau, na jira ke nan.

Na fito. Rahmatu ta taso da sauri. "Baba, mi za a kawo maka?"

"Ba komi. Wurin matata za ni."

Laujen ya yi shiru. Ban dubi kowa ba, kunnuwana kamar an zuba masu barkono. Na yi sallama ta amsa. A bakin ƙofa na tsaya da takalmana a hannu, don na yi niyyar shiga da su in tura ƙarƙashin gado. Ta dube su, ta dube ni.

Na juya na ajiye su a waje, na jera su sosai inda duk mai wucewa zai gani, na ja ƙyaure.

Abin da ya biyo baya ba na takarda ba ne. Da aka kira la'asar na fito, tsakar gida ba kowa, har kajin an kore su. Wani ya juya min takalman sun fuskanci hanya, ya kuma kifa masu ƙwarya don yayyafin da aka yi.